Lemon Bakin Rijiya

Su uku ne a gidan: mai lambu, matarsa, da 'yarsu da suke kira Auta duk da ita kaɗai gare su. Ba su da shanu, ba su da gonar hatsi. Lambun lemo ne kawai a bayan gida. Kowane itace a cikinsa, da idon reshen bishiya guda aka yi masa aure, tsohuwar da mahaifin mai lambu ya dasa a bakin rijiya.

Cutar ta shigo a hankali. Ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya, lemo ya riƙa fitowa a karkace, gindinsa kore, ga ɗaci. Mai lambu ya zuba taki, ya ƙara ban ruwa, ya yi feshi, amma 'ya'yan suka ci gaba da zubewa tun ba su nuna ba.

Malamin gona ya zo, ya tsaga lemo ɗaya, ya nuna musu ƙwayoyin da suka motse suka yi baƙi. Ya ce wasu ƙananan ƙwari ne ke yaɗa ta, haka ma reshen da aka yanko daga itace mai ciwo. Ba ta da magani, sai dai a tumɓuke, a ƙone, a nemo dashe mai lafiya daga wani wuri.

"Har da ta bakin rijiya?" in ji mai lambu.

"Da ita ma za a fara, Baba. Dubi ganyenta."

Aka yi ta sara, hayaƙi ya cika lambun. Ta bakin rijiya kaɗai mai lambu bai taɓa ba. Da matarsa ta yi magana, ya ce tsufa ne kawai, ai ita ma furfura ta fito mata, ba wanda ya ɗauko gatari. Ta yi murmushin yaƙe, ta koma kan wankinta.

Da ruwa ya sauka, ya jera sababbin dashen lemon tsami, ya kira Auta ta taya shi yi musu aure. Ta ga ya nufi rijiya da wuƙarsa. Ya daɗe yana zaɓen reshe. Da ya yanko, sai ya tsinke ganyayen da suka yi rawaya, ya take su da takalmi. Ya dawo ya tsaga ɓawon dashen farko, ya cusa idon reshen a ciki.

"Baba, malamin gona ya ce..."

"Riƙe nan da kyau, uwata. Kada ruwa ya shiga."

Ta riƙe, ya naɗe da leda. Suka matsa na gaba.

Auta ta gane cewa waɗannan ma mutuwa za su yi, kuma Baba ya sani.