Ƙarfen da Aka Hana Taɓawa

Aikin farko da Rauda ta samu bayan karatun injiniya na ƙanen mahaifinta ne, Bappa Njidda, mai sayar da ruwan burtsatse a unguwar Sarkin Dawaki. Bututu ne daga tanki zuwa famfunan da 'yan garuwa ke ɗiba, ta ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe, kowace ƙafa an kafe ta a daɓen kankare da kusoshi masu noti. Ta lissafa nauyin bututun cike da ruwa, har da girgizar inji.

Sai ga ƙafar tsakiya ta karkace, kankaren gindinta ya tsage. Aka gyara, ta sake karkacewa.

"Karatun nan dai na takarda ne," in ji Bappa, a gaban masu layin ruwa. Cikinsu kuwa har da Hajiya Ikilima, wadda ta yi wa Rauda alkawarin aikin famfunan makarantarta. Hajiya ta dubi tsagar, ta ce bari ta ƙara tunani.

Rauda ta tsuguna a gindin ƙafar. Fentin ya goge a zagaye, kamar sawun awarwaro, alamar an sha ɗaura igiya a wurin. Ga ɓurɓushin dusa, ga kashin shanu an share shi da gaggawa. Ta ɗaga kai, suka haɗa ido da bijimin kiwon Bappa, yana tuƙa abinsa a bayan katanga. Kusoshin nan nauyin sama aka yi su ɗauka, ba fizgar bijimi mai jin ƙarfi ba. To amma wace 'ya ce za ta ce wa bappanta shi ya ɓata aiki? Kuma ta san halinsa: abin da yaro ya hana, shi yake yi.

Ta kira Nathaniel mai walda. Suka fasa daɓen a ƙarƙashin inuwar darbejiya, suka haƙa rami mai zurfi, suka dasa wani ƙarfe mai kauri da ragar rodi a gindinsa, aka cika da kankare. Ta sa ya lanƙwasa masa zobe, ya shafa jan fenti.

"Injiniya, wannan ai ko taɓa bututu bai yi ba. Me zai ɗauka?"

"Zai ɗauka," ta ce, tana kallon ƙasa.

Da kankaren ya bushe, ta sami Bappa a kan tabarmarsa, ta durƙusa.

"Bappa, alfarma nake nema. Jan ƙarfen can, don Allah kada a ɗaura masa komai."

"A gidana?"

"Na dai roƙa, Bappa."

"Na ji," ya ce, idonsa na kan zoben.

Ko da ta dawo washegari, bijimin na ɗaure a jan ƙarfe, yana ja da baya iya ƙarfinsa, ƙarfen ko gezau. Damina ta zo ta wuce, bututu na nan a miƙe, babu tsaga ko ɗaya.

Ranar da Hajiya Ikilima ta dawo dubawa, Bappa da kansa ya zagaya da ita.

"Kin ga wannan? Cewa ta yi kar a taɓa. Ni kuwa na gwada shi da sa guda, bai motsa ba. Ki ba ta aikin, Hajiya. Yarinyar ta iya, tsoro ne kawai ya yi mata yawa."

Hajiya ta juyo. "Gobe ki zo ki auna. Amma mu ma fa muna da raguna a makarantar."

Rauda ta ja bakin mayafi ta rufe bakinta.

"Akwai jan fenti da ya rage, Hajiya."