Sati Biyu a Motar Koriya

Leszek Gajda yana ƙoƙarin zura ƙafa ɗaya a wando, ƙeyarsa ta sake haɗuwa da rufin motar. Ya dafe wurin, ya zagi motar, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya haɗa har da jirgin ruwan da ya kawo ta daga Koriya. Yau kwanansa goma sha biyu a cikinta, kuma kowace safiya sai sun yi wannan gaisuwar.

Shekararsa talatin da ɗaya yana jan tirela tsakanin Poland da ƙasashen yamma. Kamfanin da yake wa aiki a garin Konin yana shawarar sayen irin wannan mota guda goma sha biyu, shi ya sa mai kamfanin, Pani Jolanta, wato Madam Jolanta a yarensu, ta ba shi ta gwaji. "Kai ne babba a cikinsu, Pan Leszek," ta ce masa ranar da zai tashi. "Abin da ka rubuta shi za mu bi." Sannan ta ƙara, kamar ba da wata manufa ba, cewa in motocin sun zo za a buƙaci wanda zai zauna a gareji yana koya wa direbobi hannu, ya riƙa kwana a gidansa. Tun ranar matarsa Krystyna take waya tana lissafa masa gyare-gyaren da ke jiransa a gida.

Ya sauko da buroshin goge baki a hannu. A wurin hutawar manyan motoci da ke kusa da Magdeburg a Jamus, tirelar Zenek ce a gefen tasa. Kamfaninsu ɗaya, sun kai shekara ashirin tare a hanya.

"Dogo, yaya amarya?" in ji Zenek, yana hura shayi. "Na ga ta sake yi maka ƙulu."

"Rufe min baki. Badi war haka kai za ta yi wa."

"Ni? Ai kai ne za ka cece mu. Ko kuwa kujerar gareji ta riga ta shiga ranka?"

Leszek ya shiga goge bakinsa. Wata ƙaramar mota ta tsaya, wata mace siririya ta fito da jaka a kafaɗa. Ita ce Pani Nam, 'yar Koriya, injiniyar kamfanin da ya ƙera motar, wadda aka ce za ta raka shi ranar ƙarshe. Shekara biyu ta yi a ofishin kamfaninsu na Warsaw, tana jin yaren Poland in ba a yi sauri ba.

Sun hau babbar hanya ke nan wani abu ya fara ƙara, ti-ti-ti.

"Kin ji ta?" in ji Leszek. "In na matsa gefe ta yi kuka. In wani ya shigo gabana ta yi kuka. Shekaranjiya na yi hamma, ta nuna min hoton kofi, wai in tsaya in huta. Uwata ma ba ta takura min haka ba."

Pani Nam ta rubuta a littafinta. "Injin fa?"

"Injin ba shi da laifi."

"Birki?"

Bai so ya faɗa ba, amma ba ya ƙarya a kan mota. "Makon jiya na gangaro duwatsun Ostiriya da tan ashirin da huɗu a baya, ko ƙafa ban ɗora ba sai can ƙasa. Ban taɓa tuƙa mai birki irin nata ba. Mai kuma kamar ba ta sha."

Ta yi murmushi, ta fara rubutu da sauri.

"Kada ki yi saurin murna. Buɗe wancan."

Ta jawo firijin da ke ƙarƙashin gado. Kwalaben ruwa biyu ne a ciki da ɗan cuku, kuma ya cika.

"Matata takan dafa min miyar kabeji ta sati biyu, ta ɗura a kwalabe takwas. Biyu suka shiga. A rana ta huɗu na zubar da shida a Beljiyam."

"Me ya sa ba ka ci a gidan abinci ba?"

Ya juyo ya kalle ta, motar ta yi ti-ti-ti, ya mai da ido kan hanya. "Pani, wurin da ko banɗaki sai ka biya kafin ka shiga? A ƙasarku direba kwana nawa yake yi a hanya?"

"Daga wannan ƙarshe zuwa wancan awa biyar ne, ko shida. Yawancinsu a gida suke kwana."

"To, ka ji. Ni nan ne ɗakin kwanana, nan ne kicin, nan ne falo. Ranar Lahadi ba a tuƙa tirela a Jamus, wuni zubur ina cikin nan ana ruwa. In so in miƙe tsaye ba dama. Ina zan rataya rigar sanyi? Ina zan ajiye tukunya? Kun ƙera mota, na yarda. Amma ba ku yi tunanin mutum zai zauna a ciki ba."

Ba ta yi gardama ba, rubutu kawai take yi, kuma wannan ya fi ba shi haushi. Ya so a ce ta musa, ya samu wanda zai sauke wa abin da ke cikinsa.

Bayan awa huɗu da rabi, doka ta ce a tsaya. Sun riga sun shiga Poland. Ya yi fakin, ya kashe injin, ya nuna mata gadon da ke bayan kujeru.

"Kwanta."

"Na'am?"

"Gwaji kika zo yi. Kwanta ki gani."

Ta cire takalmi ta hau. Ta miƙe sosai, har da sauran wuri a ƙafa. "Katifar tana da kyau," ta ce.

"Sauko."

Ya hau shi ma. Kansa ya tokare bango, gwiwoyinsa suka tashi sama. Da ya miƙe ƙafafun, sai da ya karkace suka fito ta kan kujerar fasinja, safa ɗaya da huda a babban yatsa. Pani Nam ta ciro tef daga jaka ta auna shi, ta auna gadon.

"Gadon ya gaza da santimita goma sha huɗu," ta ce. Ta zauna, ta rufe littafin a karon farko. "Pan Gajda, sau biyu na rubuta wa manyanmu a kan gadon nan da rufin. Suka ce ni injiniya ce, ban taɓa kwana a mota ba, sai sun ji daga bakin direba. In ka rubuta, za su saurara."

"Su gyara yaushe?"

"Sabon kan mota yakan ɗauki shekara uku."

"Uku!" Ya tashi zaune da sauri, ya tuna da rufin, ya sunkuya.

Wayarsa ta yi ƙara. Krystyna ce. Ta tambaye shi ƙarfe nawa zai iso, sannan ta sassauta murya. "Leszek, ka dai yi hankali da abin da za ka rubuta. Bayanka ba zai ƙara ɗaukar wani sanyin a hanya ba, likita ya faɗa maka."

"Na ji."

"Kullum ka ji."

Ya kashe. Ya ɗauko takardar rahoton, ya ɗora a kan sitiyari. Layin ƙarshe tambaya ɗaya ce: shin motar ta dace da direbobinmu? Ya daɗe da biro a hannu yana kallon tirelolin da ke jere, kowace da labule a gilashi, wata da tawul a rataye jikin madubi. Ya rubuta yabon injin da birki ba tare da ya rage komai ba. A layin ƙarshe ya rubuta: A'a, sai dai tafiyar kwana ɗaya. Ya sa hannu, ya ba Pani Nam ta ɗauki hoto.

Ƙarfe uku da rabi suka shiga gareji a Konin. Pani Jolanta ta karɓi takardar a tsaye, waya maƙale a kafaɗarta. Ta karanta shafin farko tana gyaɗa kai. Da ta zo ƙarshe ta ajiye wayar.

"Man da ta sha, haka yake?"

"Haka yake. Amma Pani, gadon..."

"Na gani." Ta zauna. "Ranar Talata na sa hannu a kan sayen motocin, Pan Leszek. An ce in na wuce Talata sai wata shekarar. Suna kan ruwa ma yanzu."

"To, kwana goma sha biyun da na yi a naɗe kamar tabarma, na mene ne?"

"Na san abin da na saya ke nan." Ta sake duba takardar. "Aikin gareji naka ne, ban janye ba. Wanda ya iya rubuta min a'a, shi nake so a nan. Za ka fara ranar Litinin. Ga aikinka na farko: muna da direbobi talatin da huɗu, ka fitar min da goma sha biyu da gadon zai ɗauka."

Ya tsaya yana kallonta ko wasa take yi. Ta riga ta ɗauki wayarta.

A tsakar gareji direbobi biyar ne zaune a kan benci suna shan sigari, suna jiran takardun lodi. Zenek ya riga shi isowa, yana tsakiyarsu. Duk suka ɗago.

"Yaya, Dogo? Ka faɗa mata?"

"Na faɗa mata."

"Ta ce me?"

Leszek ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, daga hula zuwa takalmi. Idonsa ya tsaya a kan abokinsa.

"Zenek," ya ce, "ɗan tashi tsaye."