Hannun Baba a Kan Tebur

Shiri ɗaya Manaja ya ba Baba. Ya ce idan muryarsa ba ta fita ba a shirin safen nan, daga gobe wani ne zai zauna a kujerar. Shekara ashirin da shida Baba yana gabatar da shirin a gidan rediyonmu, sai aikin da aka yi masa a maƙogwaro ya bar shi da 'yar siririyar murya.

Ni, 'yarsa, ni ce a kan na'urorin sauti, a bayan gilashi. Watana huɗu da fara aiki.

Jar fitilar fara shiri ta kama. Baba ya yi sallama, ta fito lafiya. Yana shiga jimla ta biyu sai muryar ta nutse, ta taso, ta sake nutsewa. Na ƙara mata ƙarfi. A banza.

Manaja yana tsaye a kaina. Ya ce, "'Yar Baba, rediyo muke yi ko raɗa?"

"Yallaɓai, wallahi ba daga shi ba ne."

"To daga ni ne?"

Muna da na'urar matse sauti. Idan ƙara ta yi yawa, ita ke danne ta don kada ta fashe a kunnen mai sauraro. Allurarta sai faɗuwa take, alhali muryar Baba ko kaza ba za ta firgita ba. To me take dannewa? Minti ashirin suka tafi ina murɗe-murɗe.

Da na ɗaga kai, sai na ga hannunsa. Baba ba ya iya magana sai yana buga tebur da gindin tafi. Ko a gida haka yake, har Mama takan janye kofuna daga gabansa. Bugun yana bin ƙafar makirufo ya shiga, dim, can ƙasa inda ƙananan lasifikanmu ba sa fitarwa. Na'urar kuwa tana ji, sai ta danne komai, har da muryar. Da can muryar ta fi ƙarfin bugun, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura.

Na ɗaga masa hannu ya daina. Ya zaci jinjina nake, ya yi murmushi, ya ƙara bugawa.

Akwai wani maɓalli mai raba sauti gida uku, na ƙasa, na tsakiya da na sama, a matse kowanne daban. Babban injiniya ya manna takarda a kai: Kada a taɓa. Yau kuma bai zo ba. Saura minti tara.

Na ɓare takardar.

"Ke! Me kike yi?"

Na kama maɓallin. Na danne na ƙasa sosai, na saki na tsakiya inda muryar take. Sai kaifin numfashinsa ya taso, tsii, kamar ana yaga leda. Na lallaɓa na sama, kaɗan kaɗan.

Baba ya buga tebur. Muryar ba ta motsa ba. Siririya ce har yanzu, tana karkarwa, amma kowace kalma ta fito tar.

Fitila ta mutu. Manaja ya daɗe yana kallon Baba ta gilashi. Sai da ya kai bakin ƙofa sannan ya juyo.

"Gobe ki shimfiɗa masa tawul a teburin nan," in ji shi. "Mai kauri."