Kifaye Biyu a Ƙirjin Mbah Tarmuji

"Ɗauke hannunki daga kan kifin nan, Jum."

Na ɗauke. Mbah Tarmuji yana tsaye a tsakiyar shagona, wanda shi ne kuma falon gidanmu, ya dafa keken ɗinki don kada ya faɗi. Farar rigarsa ta sojan ruwa ta yi masa yawa, kamar an rataya ta a jikin sanda.

"Haba Mbah, yaya zan rage riga da ƙarafa a jikinta? Allurata za ta karye."

"Cire sauran, ki mayar da su in kin gama. Shi kuwa ki zagaye shi."

Mbah muke ce masa, yadda ake kiran kowane kaka a Surabaya. Bango ɗaya ya raba gidansa da namu, a wani lungu da babur biyu ba sa iya gilmawa sai ɗaya ya raɓe. Tun da aka kawo ni unguwar na same shi. Injin jan ruwan kowa ya lalace, shi ake kira, ya gyara ya sha kofi ya tafi. Bai taɓa buga ƙofa da ƙarfi ba, kuma ba a jin takunsa. Yaran lungu kyanwa suke ce masa a bayan idonsa. Mun san dai ya yi aiki a jirgin yaƙin da ke tafiya a ƙarƙashin teku, lokacin rikicin da aka yi da Turawan Holan a kan yankin Irian, amma shi bai cika ɗauko zancen ba.

Na fara zare lambobin yabon ina jera su a kan faranti. Ƙyallayensu sun koɗe, ƙarafan kuwa suna ƙyalli, da gani ana goge su.

"Wannan ta mece ce?"

"Ta daɗewa ban mutu ba."

"Wannan fa?"

"Ta ƙara daɗewa."

"Mbah, don Allah."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya nuna wata mai siffar tauraro. "Wannan ta Irian ce. Kowa a jirginmu ya samu, har mai dafa abinci, mutumin da ya kusa kashe mu kafin Holan su gan mu. Babban mutum ne ya maƙala mana, ga ganga ga algaitar soja. Amma wannan," ya shafa abin da ke sama da aljihunsa, "ba a bayar da shi a fili."

Kifaye biyu ne na hiu, manyan kifayen teku masu haƙoran nan, ruwan zinariya, sun sa ƙaramin jirgi a tsakiya. Tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba.

"A can ƙasa aka sa min shi, ruwa ya rufe mu. Sai ka san kowane famfo da kowace waya a cikin duhu, sai sauran sun yarda su kwanta barci ransu na hannunka. Jiragen nan daga Rasha aka kawo su, don tekun ƙanƙara aka ƙera su. A ruwanmu kuwa tukunya ce. Daga mu sai gajeren wando, ƙuraje har fatar ido. Kofi ɗaya na ruwa, da shi za ka wanke baki da fuska." Ya numfasa. "In kin mayar da lambobin, ki ɗaure gindin kowacce da zare a jikin rigar. Kada ɗaya ta yi lilo."

"Ai ba haka ake sa su ba."

"Ni haka zan sa."

Ana haka sai ga Lastri, 'yarsa, ta faɗo shagon da ledar magani a hannu.

"Baba! Na fita minti kaɗan shi ne ka sulale? Yaya Jum, ke ma biye masa kika yi? Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki ko zuwa bakin titi ba, shi kuma wai Sidoarjo za shi."

"Me ke Sidoarjo?" na tambaya.

Lastri ta zauna a kan tulin yadi, ta gaya min. Om Yopi, wato Kawu Yopi, mutumin tsibirin Ambon da ke zaune a can, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi jirgi ɗaya da Mbah. Shi ne mai sauraro, wanda ke sa na'ura a kunne ya faɗi inda jirgin abokan gaba yake. Yanzu idonsa ya tafi, hankalinsa ya bi baya. 'Yarsa Lusi ta yi waya tana kuka, ta ce ya daina cin abinci, ba ya gane kowa.

"To in bai gane 'yar cikinsa ba, kai zai gane?" Lastri ta juya ga mahaifinta. "Ka je ka faɗi a hanya, in ce wa mutane me?"

"Ki ce ya tafi wurin aiki."

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma." Muryarsa ba ta tashi ba, dama ba ta tashi. "Yarinya, akwai ranar da jirgin Holan ya tsaya a samanmu tun safe har iskar ciki ta ƙare, ashana ma ta ƙi kamawa. Mutum hamsin da wani abu, kowa ya zuba wa bakin Yopi ido. Da ya yi kuskure sau ɗaya, da babu ke. Yanzu shi ne a ƙasa. In zauna ina shan ƙwaya?"

Lastri ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa na riga na sa zare a keke.

Ranar Asabar da hantsi mijina, Cak Matrawi, ya kawo motarsa ta ɗaukar kaya bakin lungu. Da Mbah ya fito, mata masu sayen kayan miya suka yi cirko-cirko. Rigar ta zauna masa, igiyoyin saje a hannu, hula a kai, takalmi yana ɗaukar ido.

"Kai! Mbah, aure za ka ƙara ne ba mu da labari?" in ji mai sayar da tempe, ƙosan waken suyan nan.

"Ke na zo nema, aka ce kin tsufa."

Lungu ya kwashe da dariya. Cak Matrawi ya ƙame ya sara masa da hannun hagu, Mbah ya ce da a jirgi ne da an jefa shi ta bututun harba makami. Muka sa shi gaba, ni da Lastri muka matsu a gefensa da tukunyar iskar numfashi a kan cinyarmu. Duk ramin da motar ta faɗa, sai na ga ya runtse ido.

Lusi ta tare mu a ƙofa babu takalmi, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Om, ka yi haƙuri da abin da za ka gani. Tun da ya daina gani ya koma cikin jirgin. Kowa ya motsa sai ya ce a yi shiru, suna samanmu. Cokali ya taɓa kwano sai ya ture abincin. Na gaya masa yaƙi ya ƙare tun kafin a haife ni, sai ya toshe min baki."

Mbah ya cire takalmi. Ya ce a kashe fanka. Ya zare robar iska daga hancinsa ya miƙa wa Lastri, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata yatsa.

Om Yopi yana kwance a ƙasa, tsakanin gado da bango, ƙarƙashin wani gicciyen katako. Dogon mutum ne baƙi, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin singileti. Ya manna kunne da bango.

Na ga yadda Mbah ya sauka ƙasa. Ya daɗe yana yi, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, gumi yana tsattsafo masa. Ƙirjinsa cike da ƙarfe, amma ko ƙis ba a ji ba. A nan na gane abin da ya sa ni ɗaurin zare.

Ya kamo hannun Om Yopi ya ɗora a ƙirjinsa. Tsohon ya fizge, Mbah ya sake kamowa. Yatsun suka bi ta kan lambobin ɗaya bayan ɗaya ba su tsaya ba. Da suka hau sama suka taɓa kifayen, sai suka tsaya cak. Suka shafa wutsiya, suka shafa jirgin, suka dawo.

"Wane ne?" Da raɗa ya yi tambayar.

"Ɗakin inji."

"Muji?"

"Ni ne."

"Ka kashe komai?"

"Komai a kashe yake."

"Suna nan, Muji. Daidai kanmu. Mutanen nan sai surutu suke, na hana sun ƙi ji."

"Sababbi ne, rabu da su. Kai muke jira. Saurara ka gaya mana."

Ɗakin ya yi tsit. Mu uku muna bakin ƙofa, ko numfashin kirki ba ma yi. Zafi ya taso, gumi yana bin bayana. Ina kallon leɓen Mbah yana canza launi, Lastri ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni, amma ba ta motsa ba. Can a titi wata babbar mota ta taso da gurnani, ta wuce, ƙararta tana raguwa har ta ɓace.

"Yana juyawa," in ji Om Yopi. "Ya yi arewa. Yana nisa." Ya ƙara kasa kunne. "Ya tafi."

"Ka tabbata?"

"Kai, ɗan baƙin mai, yaushe kunnena ya taɓa yi maka ƙarya?"

"To kyaftin ya ce a hau sama. A buɗe ƙofa." Mbah ya yi wa Lusi alama, ta tura tagar. Iska ta shigo ta ɗaga labule. Om Yopi ya buɗe baki ya ja ta har cikinsa, ya sake ja, sai ya fashe da dariya.

"Yesu! Ka ji daɗi. Muji, wari kake kamar mushen akuya."

"Kai kuma turare kake. A kawo abinci!"

Lusi ta kawo faten shinkafa. Ya ci. Cokali yana ta buga kwano, bai kula ba. Ya cinye ya ce mai dafa abincin nan yau ya yi abin kirki, ko ya tuba ne. Lastri ta lallaɓa ta mayar wa mahaifinta robar iska.

Sai Om Yopi ya shafa nasa ƙirjin, ya shafa hagu, ya shafa dama. Fuskarsa ta canza.

"Ina nawa? Ina kifina?"

Lusi ta raɗa min cewa ambaliya ta tafi da akwatinsa shekarun baya, da rigar da komai.

Mbah bai yi wata-wata ba. Ya sa hannu cikin rigarsa ya ɓalle maƙallin. Yatsunsa sun kumbura, ya sha fama, na matsa zan taimaka ya girgiza kai. Ya maƙala shi a singiletin abokinsa.

"Ga shi. A ɗakin inji ka yar da shi, sakarai. Na gaji da ajiye maka."

Kafin mu fito ya kira Lusi. "Kada ki ƙara ce masa yaƙi ya ƙare. In ya nutse, ki sauka ki same shi. Ki ce ya saurara. Ki jira, kada ki gaggauta shi. In ya ce sun tafi, ki buɗe taga."

A hanyar dawowa barci ya yi, kansa a kafaɗar Lastri. Maza biyu ne suka ɗauke shi daga bakin lungu zuwa gado, kuma bai sake taka ƙasa ba. Kullum da rana ina kai masa romo, ya kurɓi kaɗan, tambayarsa ɗaya ce: Lusi ta yi waya? Ta yi, Mbah. Ya ci? Ya ci, har da ƙari. Sai ya gyaɗa kai ya lumshe ido.

Ranar Alhamis da hantsi ina cikin ɗinki na ji Lastri ta kira sunana ta bango, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Na tarar tana riƙe da hannunsa tana maimaita masa kalmar shahada, leɓensa yana bin ta. A haka ya cika. Kafin azahar an sanar a lasifikar masallaci, an jera kujeru a lungu, mata mun zauna muna shirya furannin da za a ɗora wa makara.

Sojojin ruwa suka zo da tuta, samari tsaf-tsaf. A likkafani aka kai shi kamar kowa. Rigar kuwa Lastri ta rataye ta a falo kusa da hotonsa, don masu zuwa gaisuwa. Wani matashin hafsa, mai irin kifayen nan a nasa ƙirjin, ya tsaya gabanta ya daɗe, sannan ya sunkuyo.

"Uwa, a gafarce ni. Akwai abin da babu a nan. In ɓata ya yi, sai in cire nawa in sa."

"Bai ɓata ba, ɗana," in ji Lastri. "Yana wurin wanda ke bukatarsa."

Bai gane ba, amma ya ja da baya, ya haɗa ƙafa, ya sara wa rigar.

Da la'asar, bayan an dawo daga maƙabarta kuma mutane sun ragu, na shiga kwashe kofuna. Rana ta sauko ta tagar falo ta faɗa kan rigar. Ni na ɗinke ta, na goge ta, ban taɓa lura da yadda shekaru suka mayar da farinta ruwan madara ba. Sama da aljihun hagu, tsakanin 'yan huji biyu na maƙalli, akwai wuri ɗaya da ya rage fari fat, da wutsiya ta nan, da wutsiya ta can.