Gemun Mahauci

Magana ta bazu a layin teloli cewa duk namijin da likita ya datse wa hanyar maniyyi, gemunsa zubewa yake yi, muryarsa ta koma ta ɗan akuya. Wai an yi wa mahaucin bakin kasuwa, gemun da ake gani kuwa da gam yake manna shi kullum da safe.

Wata tsohuwar malamar makaranta kuwa ba ta yi dariya ba. 'Yarta da ƙyar ta sha a haihuwa ta shida, likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da ita, jikinta kuma ya ƙi ƙwaya ya ƙi allura. Mijin 'yar, tela, ya ce shi dai a bar masa gemunsa, kwaroron roba ya ishe shi.

Ta same shi a shago. Ba a yi wa suruki irin wannan zance ido da ido, don haka ta fuskanci keken ɗinki.

"Keke, ina maigidanka yake ajiye robar?"

Tela ya sunkuyar da kai, ya juya bakin rigarsa. Ga su guda biyar a jere, kowanne an soke shi da fil ta tsakiya, yadda yake maƙale duk abin da ba ya son ya ɓace.

"Don kada yara su tsinta ne, Inna."

"Ashe ta nan yaran suka shigo," ta gaya wa keken.

Ta tisa telan gaba har rumfar mahauci. Ta ce tana da magana ta kunne. Mahauci yana sunkuyowa ta cafke gemun da hannu biyu, ta rataya. Ya kurma ihun da ya watsa karnukan kasuwa.

"Baba, me na yi miki?"

"Shekara nawa da yi maka aikin?"

"Huɗu! Sakar min gemu!"

Tela ya matso, ya yi ƙasa da murya. "To, ɗaya harkar fa?"

"Sai an kira maka matata ita ma ta ja? Komai na nan, malam!"

Ranar Litinin tela ya je asibiti, aka gama kafin azahar.

Aikin ba ya taɓa gemu, ko murya, ko ƙarfin namiji. Sai an yi kusan wata uku da roba kafin gwaji ya nuna ya kama. Da wuya a warware shi. Ciki kawai yake hanawa. Cuta kuwa, roba ce ke tare ta.