Muryar Nives

Shekara talatin ina ɗinka kayan 'yan wasa a fina-finan Ermete Scalvini, wanda muke kira Maestro, wato gwani, kuma duk Roma babu telar da ta kai ni hutu, tunda rigunan ba sa minti biyu a jikin masu su. Jaridu sun zage shi tas, limamin cocinmu ya daina amsa gaisuwata, maza kuwa layi a ƙofar silima har bakin titi.

Abin da 'yan layin ba su sani ba, a zamaninmu hoto kawai ake ɗauka. 'Yar wasa ta kishingiɗa tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, daga baya a ɗora mata magana a ɗakin sauti. Duk kyawawan nan, Bajamushiya ce ko Bafaranshiya, muryar mace ɗaya ce a bakinsu: Nives, matar Scalvini, gajera mai tabarau, wadda ke zuwa aiki da kwandon cefane. Ba a saba rubuta sunan masu murya a fim ba, shi ma bai rubuta nata ba.

Da ta rasu, gidan ya yi masa girma. Ba shi da ko kaset ɗaya na muryarta, nasa kwafin fina-finan kuma danshi ya cinye. Sai ga labari an gyara guda, za a nuna a silima ranar Lahadi da la'asar.

"Palmira, sa takalmi ki raka ni," in ji shi a waya.

"Haba Maestro, da tsufana? Me zan gani wanda ba ni na ɓalle wa maɓalli ba?"

"Wa ya ce miki kallo za mu? Ji zan yi."

Ya sha kwat, har da turare. Ana kashe fitila ya rufe ido, ya ɗora hannu a kan kujerar gefensa da ba kowa. Tausayinsa ya kama ni, ni da na shekara talatin ina faɗa da shi.

Matar da ke cikin fim ta buɗe baki. Murya ce mai daɗi, garau. Ba ta Nives ba ce.

Bai motsa ba har aka gama. A ƙofa shugabar masu gyaran ta tare mu, baki har kunne.

"Kun ji sautin, Maestro? Tsohon duk ya shaƙe. Mun duba sunaye ko za mu sami mai muryar, babu, sai muka sake sabo."

"Tsohon fa?"

"Ai ba ya moruwa. Mun zubar."

Ya yi mata godiya, har da ɗan rusunawa. Muka tsaya shan kofi, nasa ya huce a gabansa.

"Palmira, yaya Nives take kiran sunana? Ɗan kwatanta mini."

Na gyara murya, na yi iya ƙoƙarina. Ya saurara da ido a rufe, sannan ya girgiza kai.

"Wannan ke ce," ya ce.