Kujerar Bappa

Bappa ya ɗaga hannu kamar kullum, amma jar motar Malam Abarshi ta wuce shi fuu, ko rage gudu ba ta yi ba. Ya hango Zulaiha a baya ta sunkuyar da kai, ga kuma Sadiq, sabon malamin lissafi, ya baje a kujerar gaba. Kujerarsa fa! Shekara biyu cur a nan yake zama.

Su uku ne ke tafiya aiki Dogon Dawa daga Birnin Gwari: Abarshi hedimasta, Zulaiha ungozoma, da Bappa malamin dabbobi. Tun da hanya ta lalace ba mai son ratsa daji cikin baƙin fuskoki a motar haya, sai suka haɗa kai, kowa ya zuba na mai, Abarshi ya tuƙa. An ci ƙosai tare, an yi musun ƙwallo. Ranar sunan 'yar Bappa ma Abarshi ne ya raba goro.

Ya buga wa Zulaiha.

"Anti, lafiya kuka wuce ni?"

"Ka yi haƙuri, Bappa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tun da aka tare motar masu gawayi ake ta surutu a gari. Wai kullum kafin mu tashi sai ka koma gefe ka yi waya da Fulatanci. Malam Abarshi ya ce shi mai iyali ne."

"Ni kuma daga sama na faɗo?"

Ta kashe.

Kai, jama'a, wannan wulaƙanci har ina! Wayar da ake magana a kanta, kawunsa Modibbo yake bugawa, dattijon da rugarsa ke bakin daji. Shi ke fita da shanu da sassafe, shi ke ganin sawun babura. Ya rantsar da Bappa kada ya taɓa ambatar sunansa, don duk wanda mutanen daji suka gane yana tona motsinsu ba ya kai magariba. Ranar da tsoho ya ce kada a fito, sai Bappa ya ce ya manta akwatin allurar shanu, ko cikinsa ya ɓaci, don ya jinkirta tafiyar. Sau biyar ke nan yana shanye gorin Abarshi, wai shi ne sarkin latti.

"Yau ba wanda zan kira," ya faɗa a ransa. "Su je su ji da kansu."

Bai gama wannan tunani ba wayar ta yi ƙara. Modibbo ne, ya ji shiru ya kira da kansa.

"Kada ku fito. Babura sun fi ashirin a kwanar tsamiya, tun asuba."

Bappa ya tsaya da wayar a hannu, ransa na tafasa. In ya faɗa musu, ya tabbatar da zargin da bakinsa. In ya yi shiru, minti ashirin ya rage su kai kwanar. Ya ja tsaki, ya buga wa Abarshi. Sau uku ba a ɗauka ba. Ya koma kan Zulaiha.

"Ku juyo. Yanzu-yanzu. Kada ki tambaye ni komai."

Kafin motar ta dawo, wani ɗan acaba ya riga ya shigo gari a guje yana cewa ana harbi a hanya. Abarshi ya tsaya a gaban Bappa, gumi ya jiƙa masa hula. Ya sauke gilashi rabi.

"Allah ya saka da alheri, Malam Bappa." Ya yi gyaran murya. "Amma ka ga abin da mutane ke faɗa ke nan. A ce mutum ya san abin da soja bai sani ba?"

Sunan tsohon ya zo wa Bappa har bakin leɓe, ya haɗiye shi.

"Ga shawara," in ji Abarshi. "Ka riƙa bin motar haya, mu toshe bakin mutane. Amma da safe in ka ji wani abu, ka ɗan buga mana. Ai mun zama ɗaya."

Zulaiha ta rufe fuska da mayafi. Bappa ya daɗe yana kallon kujerar.

"To," ya ce. "Gobe ƙarfe nawa za ku tashi?"

Abarshi ya dubi Sadiq, ya dubi sitiyari.

"Sai dai yadda Allah ya yi," ya ce, ya ɗaga gilashin.